Alƙalami a Cikin Kulle: Yadda Marubuci Zai Jure Damuwa da Sauyin Rayuwa a Lokacin Annoba

 

 

An nemi in yi magana a kan yadda marubuci zai jure damuwa da sauyin rayuwa idan annoba ta sauka. Zan tsaya a kan korona, kuma a nan gida, domin ita muka gani da idonmu. Na san wani zai ce a ransa, ai korona ta wuce, tun 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye ta daga matakin gaggawa, me ya kawo tone-tone? To, ƙasarmu ba ta cika rabo da annoba ba. Sanƙarau na zuwa da zafi, kwalara na zuwa da damina, ga mashaƙo da ya addabi Kano a 2023. Sannan mu marubuta har yau ba mu zauna mun yi wa juna bayanin abin da shekarar 2020 ta yi mana ba. Kowa ya haɗiye nasa ya ci gaba da tafiya. Abin da nake so ku riƙe daga bakina shi ne, a irin wannan lokaci ba a bin marubuci bashin sabon littafi. Ana bin sa bashin ya tsare lafiyarsa, ya tsare haƙƙin aikinsa, ya kuma adana shaidar abin da ya gani.

Na farko, mu tuna yadda abin ya zo

A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. A lokacin, da yawanmu mun ɗauka ciwon masu hawa jirgi ne. Ƙarshen Maris aka rufe Legas da Ogun da Abuja, makarantu suka tashi, malaman jami'a kuma suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Ranar 11 ga Afrilu cutar ta bayyana a Kano, kafin mako ya zagayo an kulle gari. Azumi ya kama a cikin kulle. Babu tafsiri a masallatai, babu tarawihi cikin jam'i yadda aka saba, a shekarar kuma babu maniyyacin da ya tashi daga nan zuwa Hajji. Da aka ɗan sassauta, sai aka ba da Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, a fita a sayo abinci. A Nijar ma haka aka sha, an hana yawon dare a Yamai, rufe masallatai kuma ya jawo tarzoma a wasu unguwanni.

Sai mace-mace. Waɗanda ke Kano ba sa buƙatar in tuna musu da makonnin nan na ƙarshen Afrilu, lokacin da masu haƙa kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. A cikinsu muka rasa Farfesa Ibrahim Ayagi, da Farfesa Balarabe Maikaba na sashen koyar da aikin jarida a Jami'ar Bayero, da Malam Musa Tijjani tsohon editan jaridar Triumph, da dattawa da dama. Kowa da sanadinsa, amma kusan a tare suka tafi. Allah ya jiƙansu. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona. A cikin wannan hali ne ake tambayar marubuci, ina sabon littafi?

Na biyu, damuwar marubuci ta ƙofofi da yawa ta shigo

Ƙofar farko aljihu ce. Mu faɗi gaskiya, kaɗan ne daga cikinmu ke cin abinci da rubutu kaɗai. Wani malamin makarantar kuɗi ne, wani ɗan jarida, wata tana sayar da atamfa da turaren wuta daga gida, wani yana rubuta wa masu shirya fim labari. Duk waɗannan hanyoyi a rana ɗaya suka toshe. Makarantun kuɗi da yawa sun daina biyan albashi saboda iyaye ba sa biyan kuɗin makaranta. An dakatar da ɗaukar fim. Shagunan littattafai na Sabon Garin Kano a rufe, maɗaba'a a rufe, hanyoyin da ake kai littafi Sakkwato da Gusau da Maradi a rufe. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, aka karya darajar naira, takardar da muke bugu da ita kuwa daga waje ake shigo da ita. Da gari ya buɗe, wanda ya je tambayar kuɗin bugu sai ya dawo da rubutunsa a hammata.

Ƙofa ta biyu ita ce ɗaki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ta fi shafar mata, mata kuwa suna da yawa a masu rubuta ƙagaggun labaran Hausa tun zamanin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Funtuwa. Yaushe matar aure take rubutu? Da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, maigida ya fita kasuwa ko ofis, an gama shara da wanke-wanke, kafin a ɗora sanwar rana. Ɗan wannan tsakani shi ne ofishinta. Kulle ya zo ya share shi. Yara suna gida wata da watanni, maigida yana gida, tukunya ba ta sauka daga murhu, ga cefane ya yi ƙaranci, ga ran kowa a kusa. Mutanen waje suna ta rubuce-rubuce cewa kulle ya ba marubuta kaɗaici da isasshen lokaci. Wataƙila a wajensu. A gidan haya mai ɗaki biyu da mutum tara, kaɗaicin ne ma ya ɓace. 'Yan uwana maza, idan Allah ya ba ɗayanku mace mai rubutu, awa guda da zai janye mata yara ya fi duk wani yabon da zai yi mata a bainar jama'a.

Ƙofa ta uku ita ce waya. Kowane dare hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC na fitar da alƙaluman sababbin masu cutar, mu kuma mu ƙi barci sai mun gani. Kafin gari ya waye saƙonni sun cika WhatsApp, wannan ya ce ƙarya ce, wancan ya ce makirci ne, wani ya turo maganin da ya ce ya warkar da dubbai. Marubuci mutum ne mai saurin hasko abu a zuciyarsa. Wannan baiwa ce idan yana gina labari, amma idan ya kwanta da labarin mutuwa sai ta juyo kansa, ya ga jana'izarsa, ya ga marayunsa, duk a daren.

Ta huɗu ita ce makokin da ba a yi ba. Mu mutane ne da ke raba baƙin ciki. A shimfiɗa tabarmi kwana uku, a zo a yi addu'a, a ce ya haƙuri, a ambaci alherin mamaci. Wannan zama magani ne. A 2020 mutane da yawa ta waya suka karɓi gaisuwar iyayensu. Baƙin cikin da ba a raba ba yana daɗewa a ƙirji.

Na uku, idan rubutu ya ƙi fita

Na ji marubuta da dama suna cewa a watannin nan sun zauna da biro da takarda ko da waya, amma ko layi ɗaya ya gagara, har suka fara zargin kansu da lalaci, wasu suka ce baiwar ce ta tafi. Babu inda ta tafi. Jikin ɗan Adam idan yana cikin fargaba, hankalinsa kan tattaru ne a kan haɗarin da ke gabansa, barci ya ragu, natsuwa ta ragu. Ƙirƙira kuwa sai da natsuwa. Rijiya ce a tsakiyar rani, idan ka matsa da kwarfa laka za ka ɗebo, idan ka bar ta ta kwana sai ka tarar ruwa ya taru.

Me mutum zai yi a tsakani? Ya rage ma'aunin da yake auna kansa da shi. Wanda ya saba shafi goma ya yarda da rabin shafi. Ya zaɓi lokaci guda da gida ke shiru, ga yawancinmu bayan sallar asuba ne, ya riƙe shi, ko da karatu kawai zai yi a cikinsa. Ya sa wa labarai iyaka, sau ɗaya da safe sau ɗaya da yamma, daga kafar da ya amince da ita, kada kuma waya ta bi shi shimfiɗa. Ya motsa jiki ko da zagayen tsakar gida ne. Ya kira ɗan uwansa marubuci su gaisa da murya, ba don a tattauna aiki ba.

Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne ɗan littafin ajiye bayanai. Ba labari za ka tsara a ciki ba, babu jarumi babu jaruma. Ka rubuta kwanan wata, ka rubuta abin da ka gani. Nawa aka sayar da kwanon gero yau. Me mai unguwa ya ce. Wa ya rasu, mutum nawa suka sallace shi. Wace magana yaro ya yi da ya ga an rufe masallacin Juma'a. Yadda mai shayi ya koma sayarwa ta taga. Wannan aiki ba ya buƙatar ilhama, ga shi yana sauke wa zuciya nauyi, domin abin da ka zuba a takarda ya daina yi maka zarya a kai. Bayan shekaru kuma shi ne jarinka.

Magabata sun nuna mana cewa rubutun annoba ba ya son gaggawa. Ibn Hajar al-Askalani, mai Fathul Bari da Bulugul Maram da muke karantawa a zaurukanmu, ya rasa 'ya'yansa mata a annobar ɗa'una a Masar. Ya fara tattara littafinsa Bazlul Ma'un a kan annoba, ya ajiye shi, sai bayan fiye da shekara goma ya koma ya kammala. Ibn Khaldun yana matashi ɗa'una ta shiga Tunis a 1348, ta ɗauke mahaifansa da malamansa da dama. Muƙaddimarsa, inda ya yi bayanin yadda annobar ta sauya duniya, sai a 1377 ya rubuta ta, kusan shekara talatin ke nan. Idan waɗannan manya sun jira zuciyarsu ta sauka, don me kai za ka tsangwami kanka saboda wata uku sun wuce ba ka cika babi ba?

Na huɗu, a san lokacin da damuwa ta zama ciwo

Wannan batu gajere ne amma kada a raina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, ciwon fargaba da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Idan mutum ya haura mako biyu ba ya barci ko ba ya iya tashi daga kwance, abinci ya fita ransa, abin da yake so a da ya daina yi masa daɗi, ko ya fara jin gara ma ya mutu, to lamarin ya wuce a ce masa ka yi haƙuri kawai. Ya ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Likitocin wannan fanni ba su kai ɗari uku ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari biyu, wannan gaskiya ne, amma ko likitan asibitin unguwa zai iya fara dubawa ya tura mutum gaba.

Kada wani ya ce zuwa asibiti raunin imani ne. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Wa zai ce ya fi shi tawakkali? A yi addu'a, a yi zikiri, a kuma sha magani. Mu marubuta muna da laifi a nan idan muka ci gaba da nuna mai taɓin hankali a labaranmu a matsayin abin dariya ko wanda aka yi wa asiri kullum. Mai karatu da ke fama a ɓoye yana ganin yadda muka zana shi.

Na biyar, sauyin da ya zo ya zauna

Tun kafin korona kasuwar littafin takarda ta fara ja da baya, shagunan hayar littafi sun ragu, matasa sun koma Facebook da Wattpad da zaurukan WhatsApp. Kulle ya ƙarasa abin da aka fara. Mutane na zaune a gida, waya a hannu, suna neman abin da zai ɗebe musu kewa. Marubuciyar da ba ta taɓa shiga maɗaba'a ba ta sami dubban masu karatu. A lokacin, a biya naira ɗari biyu ko ɗari uku ta banki ko da katin waya, a sa mutum a zaure, kullum a sakar masa shafi. Wasu suka koma karanta littattafai da murya a YouTube. Ni ban ga abin baƙin ciki a nan ba. Yarinyar da ke Agadas ko Kumasi ko Jidda yau tana karanta labari a daren da aka rubuta shi a Funtuwa. A da sai ta jira ɗan kasuwa.

Amma sabuwar hanyar ta zo da nata nauyin, kuma shi ne ya fi cinye marubutanmu a yanzu. Mai karatu da ya biya yana ganin ya sayi marubucin ne gaba ɗaya. Idan shafin yau ya makara sai saƙonni su yi ta shigowa, wasu da roƙo wasu da zagi, ko da marubuciyar tana jinyar ɗa ne ko tana zaman makoki. Rubutun kullum ba ya barin a sake dubawa, sai labari ya yi ta tsawo babu dalili, a kai babi ɗari saboda tsoron zaure ya watse. Ga masu kwafe littafin da aka saya su baza shi kyauta, ga masu karanta shi a tasharsu su karɓi kuɗin talla ba tare da sun nemi izini ba.

Shawarata a nan a fili take. Kada ki fara sakin labari sai kin rubuta kaso mai yawa kin ajiye, domin ranar da rayuwa ta tsaya miki ki sami abin bayarwa. Ki faɗa wa masu karatu tun farko ranakun da za ki riƙa saki, kwana uku a mako ya isa, ki tsaya a kansu. Ba dole ba ne ki amsa kowane saƙo. Duk wanda zai karanta littafinki da murya ko ya mayar da shi fim, ku yi yarjejeniya a rubuce da shaidu, ko ɗan uwanki ne. Sannan ki ajiye kwafin aikinki a wuri fiye da ɗaya. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu suka kuma sami ɗan abin sawa a aljihu, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana rufe shafi. Littattafai nawa ne suka salwanta a haka?

Su kuma ƙungiyoyinmu, tun daga rassan ƙungiyar marubutan Nijeriya ta ANA har zuwa ƙananan ƙungiyoyin intanet, ya kamata su wuce taron karatu da gasa. Asusun taimakon juna, ko da adashe ne na wata-wata, da ya rufa wa marubuta da yawa asiri a watan azumin 2020. Yanzu da ake cikin sauƙi ne lokacin kafa shi.

Na shida, shaidar da ke wuyanmu

Mutanenmu da yawa ba su yarda akwai korona ba, kuma bai dace marubuci ya tsaya a kan kiran su jahilai ba. Rashin yardar yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Talaka kuma ya ji an ce ya zauna a gida, ya ji ana maganar tallafi a rediyo, bai gani a ƙofarsa ba. Wanda ya san wannan zai rubuta mai musun cutar a matsayin mutum mai dalili, ko da dalilin ya kai shi ga halaka, mai karatu kuma zai fi saurarensa.

An fara wannan aiki. A gasar Hikayata ta BBC Hausa ta 2020, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Rai da Cuta na Maryam Umar daga Sakkwato, a kan matar da mijinta ya ƙi yarda da cutar har ya shafa mata. Amma abin da ya rage ya fi wanda aka rubuta yawa nesa ba kusa ba. Ina labarin almajiran da aka loda a motoci aka yi ta mayarwa jihohinsu a tsakiyar annoba? Ina na mai haƙa kabari? Ina na ma'aikaciyar jinya da maƙwabta suka daina gaisawa da ita? Ina na ɗan dakon da cinsa na yau ke fitowa daga fitarsa ta yau, aka ce ya zauna?

A 1918 murar nan da kakanninmu suka kira marisuwa ta shigo ta Legas ta bi layin dogo ta iso Arewa, masana tarihi kuma sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Nijeriya. Yau mai neman labarinta yawanci sai ya koma rahotannin Turawan mulki, ya ji ta bakin waɗanda suka ƙirga gawa, ba ta bakin waɗanda suka binne 'ya'yansu ba. A wancan lokaci masu rubutu kaɗan ne. Mu ba mu da wannan hanzari.

Don haka roƙona gare ku, kowa a cikinmu ya koma ya zauna da mutum ɗaya da kulle ya taɓa, tsohuwa ce a gidanku ko direban da ya yi wata uku ba ya aiki, ya nemi izininsa, ya saurare shi, ya rubuta abin da ya ce da kwanan wata, tun waɗanda suka gani suna raye kuma ba su manta ba.

A nan zan dakata.  Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu daga annoba. Wanda ke da tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan uwa mata da suka yi rubutu a cikin kulle, bismillah, fili naku ne.